Yadda Auta ta yi karatu ba da kunne ba

Auta tana da shekara huɗu sanƙarau ya kama ta, a tsakiyar bazara, lokacin da zafin Kaduna ke hana mutum kwana a ɗaki. Kwana goma sha ɗaya muka yi a asibiti. Ranar da aka sallame mu har sadakar waina na yi, don yaran da aka kwantar tare da ita ba duka ne suka koma gida ba. Sai bayan kamar mako biyu na lura in na kira ta daga baya ba ta waiwayowa. Na ce jiki ne bai gama warwarewa ba. Wata rana farantin silba ya suɓuce wa yayarta ya faɗi a kan siminti, kowa a tsakar gida ya zabura, har kaji suka watse, ita kuwa tana zaune tana wasa da murfin kwalba, ko gezau.

Ni malamar firamare ce, a lokacin ina koyar da 'yan aji biyu a Tudun Wada. A shekarar da abin ya faru, 2004, aka yi dokar ilimin bai-ɗaya, wadda ta ce karatun shekara tara na farko kyauta ne kuma wajibi ne ga kowane yaro a Najeriya. An tara mu an yi mana bita a kanta, na rubuta a littafina, amma ko sau ɗaya bai zo mini a rai ba cewa "kowane yaro" ya haɗa da tawa.

Shekara huɗu cur muka yi muna neman a buɗe mata kunne. An ɗiga mata man zaitun, an yi hayaƙi, an sha rubutu, mun je ƙauyuka a hanyar Zariya da ban taɓa jin sunansu ba. Ba na raina addu'a, har gobe ina yi mata. Abin da ke ci mini rai shi ne mun jingine komai muna jiran ranar da za ta ji, alhali 'yan kalmomin da take da su suna ta zubewa ɗaya bayan ɗaya. "Mama", "ruwa", "Yaya", "ba na so", duk ta san su kafin ciwon. Tana cika shekara shida babu ko guda. Yaran unguwa suka fara kiranta bebiya, ita kuma ta koma yawan faɗa da jifa, don ba ta da wata hanyar da za ta ce an ɓata mata rai.

Mun gwada wata makarantar kuɗi kusa da gida. Sun karɓi kuɗin zango biyu, suka ajiye ta a bencin baya. Tana kwafar duk abin da ke allo da rubutu mai kyau, ba tare da ta san ko harafi ɗaya me yake nufi ba. A zango na uku shugabar makarantar ta kira ni ofis ta ce, "Malama, ki yi haƙuri, iyaye suna ƙorafi, nan ba wurin irinsu ba ne." Na ɗauki jakarta na riƙo hannunta muka fito, ban ce uffan ba, don a tunanina alfarma suka yi mana tun farko.

Wata abokiyar aikina ce ta matsa mini muka je Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa. Tana nan cikin Kaduna tun 1999, mutane na zuwa daga jihohi masu nisa, mu da muke gari ɗaya ba mu taɓa leƙawa ba. Aka shigar da ita wani ɗan ɗaki da ƙara ba ta shiga, aka sa mata abin sauraro a kunne, aka nuna mata ta ɗaga hannu in ta ji wani abu. Ina kallonta ta gilashi. Sai can da aka ƙure ƙarar ta ɗan motsa. Likita ya nuna mana takardar, layuka biyu sun gangara can ƙasa, ya yi mana bayani cewa sanƙarau yakan lalata can cikin kunne, inda ƙara ke komawa saƙo ta bi jijiya zuwa ƙwaƙwalwa, kuma wurin ba ya farfaɗowa. Na'urar ƙara ji za ta iya taimaka mata ta san mota na tafe, amma ba za ta rarrabe magana ba. Akwai aikin dashe, na miliyoyi, wanda ko gidanmu muka sayar ba zai isa ba.

Muna fita matar da ta yi gwajin ta tsayar da ni ta ce, "Hajiya, da wane yare kuke magana da ita?" Na ce ai ba ta magana. Ta ce, "Ba baki nake tambaya ba. Yaro yana buƙatar yare ko da hannu ne, da shi zai yi tunani. Shekarunta takwas, kada ku ƙara ko wata ɗaya." A cikin bas na yi ta kuka har Kasuwa. Duk wanda muka je wurinsa a shekara huɗun nan kunnen yake kallo, ita kaɗai ta kalli yarinyar.

Takardar gwajin nan, duk mai yaro irin tawa ya adana ta kamar takardar fili. An tambaye mu ita a firamare, an tambaya a sakandare, an tambaya wajen cike fom ɗin jarrabawa, an tambaya a kwaleji. Na sa an manne ta da leda, na yi kwafi goma.

Da muka fara bincike sai ga shi zaɓi bai yi ƙarancin da nake zato ba. Akwai makarantar gwamnatin jiha ta masu buƙata ta musamman, mai ɗaukar kurame da makafi. Akwai makarantar yara kurame a Kawo. A Kano akwai ta Tudun Maliki, wadda ta daɗe. Rigimar a gida aka yi ta. Surukata, Allah ya jiƙanta, ta ce atafau ba za a kai 'ya mace makarantar kwana ba, yarinyar da ko an cuce ta ba za ta iya faɗa ba. A lokacin na ji haushi, amma tsoronta gaskiya ne, kuma shi ne ke sa iyaye da yawa su kulle 'ya'yansu mata a gida har su girma. Muka daidaita a kan jeka-ka-dawo. Kullum da sassafe yayanta yake kai ta, mota biyu zuwa, mota biyu dawowa, sannan ya wuce tasa makarantar. Ta shiga aji ɗaya tana da shekara takwas, ta fi kowa tsawo a layi.

Wata uku kacal aka yi yarinyar ta sauya. Faɗa ya ragu, jifa ya tsaya. Tana dawowa gida hannuwanta na ta motsi, tana nuna kofi tana yin alama, tana nuna kaza tana yin alama, tana jawo zanena in kwaikwaya. A nan na gane ashe maganar hannu iri biyu ce a garin nan. Akwai ta gargajiya, wadda kuramen Hausawa ke yi a kasuwa da tasha tun kaka da kakanni, kuma ko mai ji yakan tsinci wani abu a ciki. Akwai kuma ta makaranta, wadda asalinta daga Amurka ne. Wani kurma baƙar fata mai suna Andrew Foster yana cikin waɗanda suka yaɗa ta, shi ya buɗe makarantar kurame a Ibadan a 1960. Ita wannan da haruffan Turanci take tafiya. Sakamakon haka 'yata Bahaushiya, jikar Hausawa, Turanci ta fara karantawa, Hausar boko sai daga baya na zaunar da ita na koya mata. Har yau in za ta turo mini saƙo da Turanci take farawa. Wannan yana damuna, kuma ina ganin ya kamata masana Hausa su dube shi.

Kowace Asabar nake zuwa ajin da wani malami kurma ya buɗe wa iyaye. Mu bakwai muka fara, mu biyu muka ƙare, duka mata. Maigida ya ce shi ya tsufa da wannan, in yana son wani abu zai nuna mata da yatsa. Bayan kusan shekara guda muka yi hirar farko ta gaske da ita, muna tsintar shinkafa. Ta yi alamar gemu, ta yi alamar sanda, ta buɗe tafukanta tana tambaya: ina Kaka ya tafi? Mahaifina take nufi. Ya rasu tana da shekara shida. Ta ga an cika gida, ta ga ana kuka, ta ga an fita da wani abu a lulluɓe, babu wanda ya iya faɗa mata. Shekara uku tana zaton tafiya ya yi bai yi mata sallama ba. Da hannuna mai rawa na gaya mata ya rasu, ta yi kukan da ya kamata ta yi tun tuni.

Alwala da salla ma a hannun wani malami kurma ta gyara su, a wata Islamiyyar yamma da kuramen gari suka haɗa wa 'ya'yansu da ƙannensu. Kafin nan tana bin sahu ne kawai, tana ruku'u in an yi.

Firamare da ƙaramar sakandare sun wuce lafiya. A babbar sakandare aka fara hawan dutse. Ita kimiyya take so, burinta ta yi aikin gwajin jini a asibiti, don ta ce aiki ne na ido da hannu. Malaman da suka iya lissafi da kimiyya kuma suka iya maganar hannu kuwa, sai an tona. Mu iyaye huɗu muka haɗa kai muka sa 'ya'yanmu a wata makarantar 'yan mata ta kowa da kowa, muka ɗauki tafinta muna biyanta da kuɗin aljihunmu duk wata. Shekara ɗaya da rabi ana haka, sai tafintar ta yi aure ta bar gari. Yaran suka koma zaman kallon leɓe. Mai ji yana ɗauka karanta leɓe abu ne mai sauƙi; malami na juya baya yana rubutu a allo yana magana, darasi ya ƙare ga kurma. Dole Auta ta bar ajin kimiyya, don ba a kamo abin da ya wuce a irin waɗannan darussa da kwafar littafin ƙawa.

A daidai lokacin, Janairun 2019, Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wariya ga masu naƙasa. Yayanta ya sauko mini da ita a waya, na kai shago aka buga mini, na zauna da jan biro ina ja wa layuka. Dokar ta ce mai naƙasa yana da haƙƙin karatu ba tare da wariya ba, kuma kyauta har ƙarshen sakandare. Ta ce makarantun gwamnati, daga firamare har jami'a, su zama na kowa, kowace ta kasance da aƙalla ma'aikaci ɗaya da aka horar don irin waɗannan ɗalibai, da kayan aikin da suke buƙata. Ta ambaci maganar hannu da rubutun makafi da sunansu. Ta sa tarar naira dubu 100 ko ɗaurin wata shida ga mutumin da ya nuna wariya, naira miliyan ɗaya ga kamfani ko hukuma. Ta ware kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati. Ina karantawa ina tuna ofishin da aka ce mini nan ba wurin irinsu ba ne.

Da takardar na je wurin shugabar makaranta. Karon farko baki na yi, aka ce za a duba. Karo na biyu ma haka. Wata tsohuwar ma'aikaciyar ofis ce ta ja ni gefe ta ce, "Malama, ke ma kin san aikin gwamnati, abin da ba a rubuta ba ba a yi shi ba." Na koma na rubuta wasiƙa, mu huɗu muka sa hannu, muka liƙa takardun gwajin kunne, muka kai kwafi biyu, aka buga mana hatimin karɓa a ɗaya muka riƙe. Bayan mako shida aka turo wata 'yar bautar ƙasa da ta karanci ilimin masu buƙata ta musamman. Tun daga ranar ban ƙara neman komai da baki ba.

Sai ga korona. A watan Maris na 2020 aka rufe makarantu, Auta tana ajin ƙarshe. Aka shirya wa 'yan ajinsu darussa a rediyo, maƙwabta suna ta yabawa. Ni nake zama gindin rediyon da littafi, in rubuta abin da na kama, da dare in fassara mata da hannu a hasken fitilar caji. Jarrabawar WAEC da aka saba yi a watan Mayu sai a Agusta aka fara. Ta samu kiredit biyar, amma babu Turanci, kuma ba Turanci ba gurbi.

Mutane suna mamaki, yarinyar da ke rubuta Turanci kullum ta yaya za ta faɗi? Maganar hannu tana da nata tsarin jimla, ba ta bin na Turanci kalma da kalma. Ƙananan kalmomi da ɗafe-ɗafen da yaro mai ji yake tsinta a iska ba tare da an koya masa ba, shi kurma sai ya haddace su ɗaya-ɗaya. Ga kuma tambayoyin furuci, inda ake so ɗalibi ya nuna kalmomin da ƙararsu ta yi kama, ko gaɓar da ake dannawa. Yarinyar da rabonta da jin sauti tun tana shekara huɗu, sai dai ta haddace alamomin ƙamus. Haka ta yi, shekara guda, da wani malami da muka ɗauka. A 2021 ta zauna NECO ta samu C6, muka haɗa sakamako biyun, tunda makarantu da yawa suna karɓar zama biyu. Abin da na koya a nan shi ne a bayyana lalurar yaro tun ranar rajista, ba ranar jarrabawa ba, don a san da shi a riƙa rubuta masa umarni a allo.

JAMB ba ta ba mu wahala wajen rajista ba. Tun 2021 sai da lambar NIN. Aka tura lambar zuwa 55019 ta layin wayarta, lambar rajista ta dawo, muka sayi fom, muka cike gurbin da ake tambayar lalura. Hukumar tana da kwamiti na musamman tun 2017 mai kula da masu naƙasa, musamman makafi, waɗanda ake tara su a wasu garuruwa a yi musu tasu jarrabawar. Kurame kuwa da kwamfuta suke yi tare da kowa, darasi huɗu, maki 400. Kwana ɗaya kafin ranar na je cibiyar da aka tura ta da wasiƙata, na samu wani jami'i na yi masa bayani. Washegari wani daban ne a bakin ƙofa, yana ƙwala kiran lambobi da lasifika. Iyaye an tsayar da mu can bakin titi. Ina hango ta a tsaye tana duba fuskokin mutane, an kira rukuninsu sun shige. Na roƙi wani ɗan sanda, na nuna masa kwafin wasiƙar, shi ya je ya taɓa kafaɗarta ya raka ta ciki. Allah ya saka masa da alheri duk inda yake.

Wajen zaɓen makaranta mun yi ta lissafi. Jami'ar Jos, Bayero ta Kano da ta Ibadan duk suna da sashen ilimin masu buƙata ta musamman. Jami'ar Ilori tana da cibiya sukutum ta tallafa wa ɗalibai kurame. Ita kuwa zuciyarta na kan Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta Musamman da ke Oyo, wadda aka kafa a 1977, don malamanta kurame da yawa can suka yi, sun ba ta labarin wurin da tafinta ke tsayawa gaban aji ba sai an roƙa ba. Maigida ya ce ƙasar Yarbawa ta yi nisa. Yayansa ya ce a yi mata aure, ga wani kurma tela mai hankali. Ita da kanta ta rubuta wa babanta wasiƙa shafi biyu, da Hausar da na koya mata, ta ajiye masa a kan darduma. Bai taɓa faɗa mini abin da ke ciki ba. Bayan kwana uku ya ce in tambayo kuɗin mota.

Ni na raka ta. Kwana muka yi a hanya, ta Mokwa, gadar Jebba, Ilori, Ogbomosho. Muka sauka a Sabo wurin wasu 'yan uwa masu sayar da albasa. Da muka shiga kwalejin na ga abin da ban taɓa gani ba: matasa rukuni-rukuni a gindin bishiya suna ta musu da hannu, makafi na wucewa da sandunansu, wasu a keke, ba mai kallon kowa. Kafin in gama biyan kuɗi a banki ta yi ƙawaye biyu, ɗaya daga Inugu, ɗaya daga Bauci. A wurin ni ce mai buƙatar tafinta, don saurin hannunsu ya fi ƙarfina.

Duk da haka ban daina jin zafin abu ɗaya ba. Kusan kowane kurma da ya yi nisa a karatu a ƙasar nan, aikin malanta ake tura shi, ko yana so ko ba ya so, don nan ne kaɗai aka share hanya. Malanta aikina ne, ina alfahari da shi. Amma 'yata ɗakin gwajin jini ta so, kuma ba ƙwaƙwalwa ce ta hana ta ba, tafinta ɗaya ce ta yi aure.

Shekara uku ta yi ta gama NCE. A nan Kaduna ta yi koyarwar gwaji, ajin yara kurame 'yan shekara shida, na je na leƙa ta taga sau ɗaya ban bari ta gan ni ba. Da takardar NCE ta sayi fom ɗin shiga kai-tsaye, ta samu gurbi a aji biyu a wata jami'a a nan Arewa. Kuɗin makaranta kuwa ta nemi rancen ɗalibai na NELFUND da aka fara a 2024, wanda babu ruwa a kansa, mu kuma muna ji da abinci da kuɗin mota.

A jami'ar mun koma gidan jiya. Darussan sashensu akwai tafinta, amma manyan darussan da ake haɗa ɗaruruwan ɗalibai a zaure ɗaya babu. Wannan karon ba ni na rubuta wasiƙar ba. Ita ta rubuta, ta tara sa hannun kurame tara, ta kawo sashen dokar da lambarsa, ta kai ofishin shugaban kula da harkokin ɗalibai, aka buga mata hatimi a kwafinta, ta ɗauki hoto ta turo mini. An ba su tafinta a darasi biyu cikin huɗu. Ta ce in an dawo hutu za su sake rubutawa.

Kowace Juma'a bayan la'asar take kiranmu ta bidiyo. Maigida, wanda ya ce ya tsufa da koyo, tun tafiyarta Oyo ya fara tambayata alamomi ɗaya-ɗaya in yara sun yi barci. Hannunsa yana da nauyi, yakan haɗa ta makaranta da ta kasuwa, ita kuma tana gyara masa. Makon jiya ya karɓe wayar daga hannuna, ya jingina ta da buta don hannuwansa biyu su samu sarari, ya tambaye ta ko an turo tafintar darasin ranar Talata. Ta ce tukuna. Ya juyo ya ce mini, "Maman Auta, yaya ake cewa ta kai wa shugaban jami'a kwafi?"